Oba-Oba: Mu Tsaya Mu Yi Tunani Kafin Mu Sake Aikawa Gida

Yau ina so mu tattauna a kan wani ɗan baƙin akwati mai eriya wanda muke gani a ƙugun 'yan sanda, da masu gadin banki, da ma'aikatan tashar jiragen ruwa ta Apapa, watau oba-oba. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa, wata asara ce da muka tafka a ƙungiyar 'yan garinmu a nan Ikko, kuma na tabbata ba mu kaɗai muka tafka ta ba.

Da daminar 1923 ba a san mu a nan ba, amma da daminar 2023 muna zaune a Agege wani yammacin Lahadi sai sakatarenmu ya karanta mana takarda daga gida. Samarin da ke sintirin dare a ƙauyenmu, can bayan Kafanchan, suna roƙon tocila da takalman ruwa da oba-oba. Nan take aka buɗe asusu. Direbobi suka ba da nasu, masu gadi suka ba da nasu, masu sayar da tumatir a Mile 12 suka ba da nasu, har wani tsohon soja da ke jiran fansho ya zaro abin da ke aljihunsa. Aka wakilta mutum 3, har da ni, muka shiga kasuwa. Mai kantin ya nuna mana wata sabuwar fitowa, ya rantse mana cewa daga Ikko har Maiduguri ana jin juna da ita. Muka ce sai mun gwada. Ɗayanmu ya hau mota ya tafi Ojota, ya danna, muka ji muryarsa tangaram kamar yana gefenmu. Muka biya kuɗin guda 12, muka ba wani direban da ke ɗauko citta daga Kaciya ya kai mana.

Bayan mako 3 sai ga amsa. A cikin garin Kafanchan suna aiki lafiya lau. A ƙauye kuwa, inda dutse ya tare, shiru kake ji. Da wata ya cika ma, har na cikin garin suka yi gum. Sai da wani yaro mai gyaran waya ya buɗe bayan ɗaya sannan muka gane abin da muka saya: ashe akwai sim a ciki. Wayar salula ce aka sa mata rigar oba-oba. In babu sabis ba ta magana, in kuɗin data ya ƙare ba ta magana. Ban ce mai kantin ya yi mana ƙarya ba, gama lalle za a ji ta a Maiduguri. Mu ne ba mu san abin da za mu tambaya ba.

To, tun daga ran nan na shiga bin masu wannan sana'a da tambaya, kuma abin da na fahimta shi nake so in ba ku, domin na san yanzu haka akwai ƙungiyoyin 'yan Zonkwa da Kwoi da Manchok da Gwantu da Godogodo a Badun da Shagamu da Fatakwal waɗanda ke tara kuɗi don wannan sayayya.

Oba-oba ta gaskiya ba ruwanta da kamfanin waya. Ita da kanta take watsa magana cikin iska, 'yar'uwarta ta cafe. Ba lamba za ka buga ba, ba ka jiran a ɗauka. Da ka danna maɓalli ka yi magana, duk wanda ke kan zangonku ya ji a lokaci guda, ko su 5 ne ko su 50. Wannan shi ne amfaninta da wayar hannu ba ta da shi. Mutumin da ya hangi wuta a gonar maƙwabcinsa da ƙarfe 2 na dare, in da waya zai yi aiki, sai ya kira mai unguwa, mai unguwa ya kira dagaci, dagaci ya nemi lambar Difi'o, wataƙila a tarar tana kashe. Kafin saƙo ya isa inda zai yi amfani ya zama ihu bayan hari.

Kuma kada mu manta da abin da ya faru a 2021. A farkon watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Katsina da Sakkwato suka bi a wasu ƙananan hukumominsu, sannan a ƙarshen watan Gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe wasu sassan jihar, ba a buɗe ba sai ƙarshen Nuwamba. Da yawa daga cikinmu mun yi makonni ba mu ji muryar iyayenmu ba. Ko dabarar ta yi amfani ko ba ta yi ba, wannan wata magana ce daban. Abin lura shi ne, ranar da aka fi bukatar magana ita ce ranar da aka fi yiwuwa a kashe sabis, ko man janaretan turken waya ya ƙare babu mai iya kai wani. Duk na'urar da ke da sim a cikinta, ran nan ba ta fi dutsen guga amfani ba.

Sai wani ya ce, to ai da sauƙi, mu sayi ta gaskiyar, ga su nan jibge a Alaba, irin su Baofeng, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Haka ne, kuma suna magana ba tare da sim ba. Amma waɗannan tsohon yayi ne, muryarka tsirara take tafiya cikin iska. Duk wanda ya sayi irinta, ya yi ta juya zango har ya faɗo kan naku, zai zauna ya saurare ku tsaf, ya san inda 'yan sintiri suka nufa da inda suka bari babu kowa. Zai ma iya danna tasa ya yi magana, ya ce ku ruga yamma alhali abin yana gabas, kuma babu yadda za a yi a gane wace na'ura ce ta yi maganar. Araha dai ba ta ado.

Ga kuma maganar nisa, wadda nan ne ƙasarmu ta bambanta da Ikko. Ta hannu, ƙarfinta wat 4 ne ko 5, kuma maganarta kusan a miƙe take tafiya kamar hasken tocila. A fili tana iya cin 'yan kilomita kaɗan. In dutse ya shiga tsakani, shi ke nan. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kafanchan zuwa Kagoro ya ga yadda duwatsun nan suka tsaya kamar bango, ya kuma san kwazazzaban da ke wajen Matsirga da dazuzzukan Sanga, ya san na'urar hannu kaɗai ba za ta yi ba. Maganin wannan shi ne injin da masu sana'ar ke kira rifita, watau mai maimaitawa. Ana kafa shi a wuri mai tsawo, ya cafe raunanniyar muryar da ta taso daga kwari, ya sake watsa ta da ƙarfi. Da shi, magana kan kai kilomita gommai. Abin ban sha'awa, dutsen da ke tare mana magana shi ne kuma wurin da ya fi dacewa a ɗora injin a kansa. Allah Ya riga Ya gina mana turakun, saura faranti mai zuƙar hasken rana, da batir, da mai gadi.

Yanzu bari in zo kan sabon yayi, wanda ake kira dijital. Shi wannan, kafin muryarka ta fita sai na'urar ta mayar da ita lambobi, ta aika, ta can ta sake mayar da su murya. Daga wannan dabara amfani iri-iri ya fito. Babu shuuu ɗin nan da ke cika kunne: murya tana fita garau har iyakar inda za ta kai, sannan ta yanke gaba ɗaya. Kowace na'ura tana da lambarta, saboda haka da an danna an san wanda ya danna. Ana iya kulle magana da makulli na lissafi yadda mai satar ji ba zai ji komai ba sai gurnani. Mai kula da tasha yana iya ganin inda kowace take a taswira, in tana da wannan gata. In kuma aka sace ɗaya, ko aka ƙwace ta daga hannun mai ita, daga nesa za a kashe ta ta zama kwalin banza. Wannan na ƙarshe, a ganina, shi kaɗai ma ya isa dalili.

Sai dai dijital ɗin ma ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne 'yan kwangila ke cin kasuwarsu. Akwai TETRA, wanda hukumar tsara ƙa'idojin sadarwa ta Turai, ETSI, ta fitar a 1995. Shi 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na Ingila ke amfani da shi. Yana raba zango mai faɗin kilohaz 25 gida 4, yana da kyau ƙwarai a babban birni mai cunkoso, amma yana son tashoshi da yawa kusa da juna, kuɗinsa kuwa sai gwamnati. Amurka tana da nata, P25, shi ma tsada gare shi. Akwai NXDN na kamfanonin Icom da Kenwood na Japan. Sannan akwai DMR, wanda ita dai ETSI ta fitar a 2005. Shi yana raba zango mai kilohaz 12.5 gida 2, watau rifita ɗaya ya ɗauki hira 2 a lokaci guda ba tare da ɗaya ta shiga ɗaya ba. Da yake na'urar tana watsawa rabin lokaci ne kawai, batirinta ya fi daɗewa, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a ƙauyen da caji sai an je kasuwa. Yawancin na'urorinsa kuma suna jin tsohon yayin, saboda haka waɗanda aka riga aka saya ba za a zubar da su rana ɗaya ba. Ga ƙasa mai faɗi, mai duwatsu, mai mutane a warwatse irin tamu, ni dai DMR nake gani.

Wani dalilin kuma shi ne ba kamfani ɗaya ke ƙera shi ba. Motorola ta Amurka ta fito da nata a 2007 da sunan MOTOTRBO, Hytera ta ƙasar Sin tana yi, Kenwood da Tait da wasu suna yi. Kada ku ɗauka wannan ƙaramar kasuwa ce. Motorola ta kai Hytera ƙara a Chicago bisa zargin satar sirrin ƙirar DMR, kuma a watan Fabrairu na 2020 masu taya alƙali shari'a suka yanke diyyar da ta haura dala miliyan 760, ko da yake daga baya an rage. Inda manya ke faɗa a kan irin wannan kuɗi, ƙaramin mai saye sai ya buɗe ido. Murya zalla tana wucewa tsakanin na'urorin kamfanoni dabam-dabam, amma makullin sirri da nuna wuri a taswira, sau da yawa kowa da nasa salon. Wanda ya sayar maka da rifita yau zai so ya ɗaure ka da igiyarsa shekara 10. Kafin a biya, a sa shi ya haɗa nasa da na wani kamfani a gaban idonku. A kuma gwada da harshen gida, domin injin da ke mayar da murya lambobi yakan ɗan sauya ta. A sa Bajju ya yi Jju, Atyap ya yi Tyap, Bafulatani ya yi Fulatanci, a ga ko tsoho mai nauyin kunne zai gane.

Duk wannan bayanin ƙarfe ne. Abin da ya fi damuna shi ne wa zai riƙe, kuma da wa zai yi magana. Yadda muke tafiya yanzu, kowace ƙungiya tana saya wa ƙauyenta, kowace ƙabila tana da zangonta, kowa yana magana da nasa kaɗai. Mu faɗa wa juna gaskiya: oba-oba a hannun samari masu jin tsoro da dare, waɗanda ba sa jin kowa sai junansu, injin yaɗa jita-jita ne. Mun ga abin da jita-jita ta yi a Kafanchan a watan Maris na 1987, da kuma bayan zaɓen 2011, tun ba a da wannan na'ura a hannun kowa. In shanu suka shiga gona a yau, ƙauye ya kira samarinsa, ruga ta kira nata, babu wanda ya kira ɗaya ɓangaren, to me muka saya da kuɗinmu in ba saurin haɗuwar faɗa ba?

A nan nake tuna reluwe. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗe da Kaduna ta nan, aka kuma ja reshe zuwa Jos. Layi ɗaya ne tak, jirgi mai zuwa da mai komowa duk a kansa suke bi. Abin da ya hana su karo shi ne wayar da ke bin gefen dogo: jirgi ba ya barin tasha sai an yi magana da tasha ta gaba ta ce hanya a buɗe take. Ma'aikatan nan kuwa daga ko'ina suke, Ibo da Yarbawa da Hausawa da 'yan ƙasa, amma waya ɗaya suke amfani da ita, ƙa'ida ɗaya, kuma duk abin da aka faɗa sai an rubuta a littafi. Da a ce kowace ƙabila ta ja tata wayar, da ba a kwana 7 ba a kwashi gawa ba. Har gari guda muke da shi kusa da Kafanchan mai suna Gidan Waya, inda Kwalejin Horon Malamai ta jiha take. Bai kamata a ce mu ne za a koya wa amfanin waya ɗaya ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne a kafa tsari ɗaya na DMR, mai lasin, domin ƙananan hukumomin nan 8 na Kudancin Kaduna: Jama'a, Jaba, Kaura, Zangon Kataf, Kauru, Kaciya, Kagarko da Sanga. A ɗora rifitoci a kan duwatsu, a haɗa su da juna. A cikinsa kowane rukuni yana iya samun ɗakinsa na magana: asibitoci da motocinsu, 'yan sintirin jiha na KADVS, direbobin citta da masu lodi. Amma a ware ɗaki guda wanda dagaci da arɗo da Difi'o da babban asibitin Kafanchan duk suna ciki, kowa na jin kowa, kowace magana da lambar mai ita, ana kuma naɗe ta. Mutum yakan auna bakinsa in ya san maƙwabcinsa na ji. Ba sabon zama za a ƙirƙiro ba ma. A watan Maris na 2016 al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi 5 sun sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Kafanchan, kuma tun 2017 jihar tana da Hukumar Zaman Lafiya. An yi alkawarin za a riƙa yi wa juna gargaɗi da wuri. To da me za a yi gargaɗin da ƙarfe 2 na dare?

Na san abin da masu dogon tunani za su ce, kuma suna da hujja. Za su tuna mini da kwangilar da Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE a 2010, ta dala miliyan 470, yawancinta bashi daga bankin ƙasar Sin, don kafa wa 'yan sanda hanyar sadarwa da kyamarori a Abuja da Ikko. Majalisar Wakilai ta yi ta bincike a kanta, turakun suka zama wurin hutun tsuntsaye. Gaskiya ne. Amma darasin da na ɗauka daga nan shi ne a guji ƙaton aikin da aka tsara daga sama, wanda babu mai shi a ƙasa, babu kuma kuɗin mai da na gyara bayan an yanke kyalle. A fara da rifita ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya. A koya wa yaranmu masu gyaran waya a Kafanchan da Zonkwa yadda ake saita na'urorin da canza batir, a ware kuɗin gyara tun ran farko. In ya yi shekara yana aiki, a ƙara na biyu.

Za su kuma ce ai makullin ma ana fasa shi. Wannan ma haka ne. A 2023 wasu masu bincike na ƙasar Holan suka tona cewa ɗaya daga cikin makullan TETRA, wanda aka daɗe ana sayar wa ƙasashen waje, an raunana shi tun daga ƙira. Makullin da ke zuwa kyauta a cikin ƙananan na'urorin DMR ma ba wani abin dogaro ba ne, sai a nemi mai ƙarfin da ake kira AES. Kuma tun abin da ya faru a Labanan a watan Satumba na 2024, inda oba-oba masu tambarin Icom suka yi ta fashewa a hannun mutane, kamfanin ya ce ya daina ƙera wannan samfurin tun 2014, kowa ya gane cewa sanin hannun da kaya ya biyo kafin ya iso gare ka ba fitina ba ce. Ƙofa mai kwaɗo dai ta fi wadda aka saya da asabari.

Masu cewa kuma zamanin oba-oba ya wuce tunda ga intanet, sai su dubi Ingila. Tun 2015 suka ƙulla kwangilar mayar da 'yan sandansu kan layin wayar salula, aka yi ta ɗaga ranar, shekara 10 ta wuce suna riƙe da TETRA ɗinsu.

Saura maganar doka, wadda mu 3 da muka shiga kasuwa ko tunaninta ba mu yi ba. Iskar da magana ke bi tana da mai rabo. Tun Dokar Wayar Iska ta 1961 ake bukatar lasin kafin a kafa irin wannan tasha, kuma a yau Hukumar NCC da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya su ke ba da zango. Yaron da aka tare a shingen sojoji da dare da oba-oba a aljihu, babu takarda, babu katin shaida, ku da kanku kun san yadda za a ɗauke shi. Mu da muka aika masa muna nan Agege muna barci. Ƙungiyar ƙauye ɗaya ba za ta iya bin Abuja neman lasin ba, amma ƙaramar hukuma za ta iya, jiha za ta iya, kuma a ƙarƙashin lasin ɗaya ana iya rajistar na'ura ɗaruruwa, kowace da sunan mai riƙe da ita.

Abin da ya rage gare mu mazauna Kurmi shi ne mu daina sayayyar ɗaiɗai. Kuɗin da ƙungiyoyi 10 suka kashe a kan na'urorin da ke kwance a akwati, da an haɗa shi da ya kama hanyar sayen rifita da farantinsa. Shugabannin ƙungiyoyinmu na Ikko da Badun da Fatakwal, na coci da na masallaci da na tasha, su zauna su rubuta takarda ɗaya zuwa ga shugabannin ƙananan hukumomin nan da sarakunanmu, su ce ga gudummawarmu, amma da sharaɗin tsari ɗaya ne, kuma arɗo da dagaci duk suna ciki. Mu a tamu ƙungiyar mun sa maganar a ajandar taron wata mai zuwa, mun kuma aika wa 'yan'uwanmu na Zangon Kataf da ke Idi-Araba da Fulanin kasuwar shanu ta Oko-Oba goron gayyata. Guda 12 ɗin nan kuwa direban citta ya komo mana da su, suna nan a gidan ma'aji, muna neman wani kamfanin masu gadi a cikin gari da zai saya.